Dodon koɗi a cikin tayil: dutsen farar ƙasa da tekun da ya haife shi

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mai aikin tayil ne, a Nima nake zaune. Makon jiya muna shimfiɗa wani mabul na waje mai ruwan madara a wani gida da ke East Legon, sai na ga wani abu a jikin falle ɗaya kamar dodon koɗi ya naɗe, faɗinsa ya kai tafin hannu, cikinsa kuma a rarrabe ɗaki-ɗaki. A wani fallen akwai wani abu dogo mai tsini kamar harsashi. Maigidana ya ce zanen kamfani ne, wani abokin aikina kuma ya ce dabbobin da Ɗufana ta halaka ne. Mene ne gaskiyar abin? Ta yaya dabba za ta shiga cikin dutse? Kuma muna da irin wannan dutse a Ghana, ko sai Turai?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: shin abin da ka gani halitta ce ko zane, yaya aka yi ta shiga dutse, sannan ko ƙasarmu na da irinsa. Zan bi su a jere, amma ta tsakiyar za ta ci lokaci fiye da sauran, domin a can ilimin yake.

Rabuwa da gardamar maigidanka ba ta da wuya. Ɗauki ragowar fallen da kuka yanke ka duba bakinsa. Tayil na kamfani zanensa a fuska kawai yake, bayansa yumɓu ne gasasshe, kuma idan ka buɗe kwali biyu ko uku za ka ga zane ɗaya yana maimaita kansa. Dutsen asali kuwa abin da ke fuskarsa ya ratsa har ciki, kuma ba za ka taɓa samun falle biyu iri ɗaya sak ba. Bayan haka ka kankare bayan guntun da ƙusa har ya yi gari, ka ɗiga masa ruwan lemun tsami ko binega. In ka ga yana kumfa a hankali, to dutsen farar ƙasa ne, wanda ake ƙonawa a yi siminti. Mu a fagen aiki da kwalbar asid mai rauni muke yawo, ɗigo ɗaya ya isa.

Idan ya tabbata dutse ne, to yadda ka siffanta abin ya nuna amonait ka gani. Dodon koɗi ba shi da ɗakuna a cikin ƙwansonsa, rami ɗaya ne tun daga baki har ƙarshe. Amonait kuwa ƙwansonta a yanke yake da bangaye, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe na bakin ƙofa, sauran ɗakunan tana cika su da iska ko ruwa ta wani siririn bututu domin ta yi sama ko ta nutse. Danginta su ne oktopus da skwid da masunta ke kawowa bakin ruwa a James Town, kuma mafi kama da ita a yau ita ce notilus ta tekun Indiya da Fasifik. Mai kama da harsashin kuma belemnait ne, ƙashin cikin wata dabba mai kama da skwid. In injin ya yanke shi a gicciye za ka ga da'ira mai ruwan zuma, da siraran layuka suna fita daga tsakiya. Samun waɗannan biyu tare a dutse mai ruwan madara ya fi kama da dutsen da ake haƙa a kudancin Jamus, wajen garin Treuchtlingen a jihar Bavariya, wanda 'yan kasuwa ke kira mabul na Jura. Shekarunsa kimanin miliyan 150 ne ko ɗan sama da haka. Na ce ya fi kama ne, domin daga bayanin baki ba a yanke hukunci a kan dutse.

Wani abu da ya shafi sana'arka kai tsaye: 'yan kasuwa duk dutsen da ya karɓi goge mabul suke ce masa, amma mabul na haƙiƙa dutsen farar ƙasa ne da zafi da matsi suka sake dafawa a cikin ƙasa har burbushin halittun da ke cikinsa ya shafe. Farin mabul na Carrara a Italiya asalinsa lakar tekun zamanin Jurasik ce, amma ba za ka ga amonait a fuskarsa ba. Duk fallen da ka ga halitta a jikinsa ɓaro-ɓaro bai kai ga zama mabul ba. Ko wanne ne dai, kada ka kuskura ka wanke shi da asid ɗin da kuke cire ragowar siminti da shi a tayil na yumɓu. Zai cinye ƙyallin fuskar nan take, kuma sai an sake gogewa da inji.

Yadda laka ke zama dutse

Zamanin da muke magana a kai masana na kiransa Mesozoyik. Ya fara kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma an kasa shi uku: Tirayasik har zuwa wajen miliyan 201, Jurasik har zuwa wajen miliyan 145, sai Kiretashiyos. Mutane sun fi saninsa da manyan ƙadangarun tudu, dainoso, amma mafi yawan labarinsa a ƙarƙashin teku aka rubuta shi. Duniya ta fi yanzu ɗumi, a yawancin zamanin babu tulin ƙanƙara irin na yau a ƙuryar arewa da kudu, ruwan teku ya hau ya malale gefen nahiyoyi. Akwai kuma wani babban teku mai ɗumi da ake kira Tetis tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wanda Bahar Rum na yau ragowarsa ne.

Dutsen farar ƙasa ba daga tudu ake kwaso shi ba kamar yashi. A cikin ruwan ake yinsa. Halittun teku suna zuƙar sinadarin kalsiyam kabonet daga ruwa su gina ƙwanso da ƙashi. In sun mutu sai ƙwanson ya faɗa ƙasa, igiyar ruwa ta farfasa wani, wasu halittun su tauna wani, wani kuma ya kwanta lafiyarsa laka ta rufe shi. Ka ga ke nan dabbar ba ta shiga dutse ba. A kan laka mai taushi ta faɗa, lakar ce daga baya ta zama dutse da ita a ciki. Nauyin abin da ya taru a sama yana matse ruwan ya fita, sinadarin da ya narke a ruwan yana sake daskarewa a tsakanin ƙwayoyin yana ɗaure su.

Wannan sana'a tana da sharuɗɗa. Tana son ruwa mai ɗumi, mara zurfi, mai haske, wanda babu kogin da ke zuba masa taɓo. Shi ya sa a yau ake ganinta a tsibiran Bahamas da gaɓar Tekun Fasha, ba a ganinta sosai a gaɓarmu, inda Volta da Pra da Ankobra da Tano ke kwararo yashi da laka, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku wajen watan Yuli zuwa Satumba. A can cikin teku mai zurfi kuma, in an wuce kamar kilomita 4 zuwa 5, ruwan da kansa yake narkar da ƙwanson kafin ya taru.

Ba duka ƙwanso ne ke jure zaman ƙasa ba. Na amonait da wani nau'in sinadarin aka yi shi, aragonait, mai saurin narkewa, don haka sau da yawa abin da ake samu lakar da ta cika cikinsa ce ta daskare da siffarsa. Na belemnait kalsait ne, mai juriya, shi ya sa yake fita tas. Ka sa ido a ɗakunan amonait ɗin da ka gani. Wani lokaci za ka tarar laka ta cika rabin ɗaki, sauran rabin kuma farin ƙyalli ne mai kama da gishiri. Lakar ta kwanta ne a ƙasa, ƙyallin ya tsiro daga baya a sararin da ya rage a sama. Da wannan kaɗai muke gane ina ne sama ina ne ƙasa a dutsen da motsin ƙasa ya kifar. Haka nan waɗannan siraran layuka masu zigzag, baƙaƙe ko jajaye, da ke ratsa fallen: wurin da matsi ya narkar da dutsen ne, dattin da bai narke ba ya taru a layi. Ka san su a aikace, domin nan ne falle ya fi son karyewa in an ɗauke shi a kwance.

Karatun shimfiɗu

Falle ɗaya a falon mai kuɗi yana da kyau, amma a wurinmu rabin amfaninsa ya tafi tun ranar da aka raba shi da mahaƙarsa. Abin da muke karantawa shi ne jerin: me ke ƙasa, me ke bisansa, me ya biyo. Ƙa'idar farko mai sauƙi ce, wani masani ɗan Denmak, Nicolas Steno, ya rubuta ta a 1669: in ba a birkita shimfiɗu ba, ta ƙasa ta girmi ta sama. Tun kafin shi da ƙarnuka Al-Biruni ya lura da ƙwanson halittun ruwa a cikin ƙasar hamadar Larabawa ya ce wurin teku ne a da, Ibn Sina ma ya yi bayani a kan yadda laka ke taruwa hawa-hawa ta zama dutse.

In na tsaya a gaban bangon mahaƙa, da tef da guduma da ɗan gilashin ƙara girma da littafi nake farawa, daga ƙasa zuwa sama. Kowace shimfiɗa sai na auna kaurinta, na fasa sabon gefe domin wanda rana da ruwa suka ci yana yaudara, na jiƙa shi da ruwa na duba ƙwayoyinsa. Dutse mai laushin ƙwaya, wanda ba ka ganin komai a cikinsa sai santsi, a ruwa mai kwanciya ya taru, ko dai mai zurfi ko wani lungu da igiya ba ta kaiwa. Dutsen da ya cika da 'yan ƙananan dunƙule-dunƙule masu girman ƙwayar gero, waɗanda muke kira ulait, a ruwa mara zurfi ya taru inda igiya ke mirgina su dare da rana. Shimfiɗar da ta cika da fasassun ƙumba, manya a ƙasa ƙanana a sama, guguwa ɗaya ce ta zubar da ita, wataƙila cikin yini guda. Wadda ke bisanta mai kaurin ɗan yatsa kuma tana iya zama aikin shekara dubu. Wannan shi ne abin da ɗalibai suka fi shan wahalar yarda da shi: kauri ba shi ne lokaci ba. Layin da ke raba shimfiɗa da shimfiɗa ma, wanda ba shi da kauri ko kaɗan, sau da yawa ya fi shimfiɗun kansu cin shekaru, domin lokacin da aka daina tarawa ne.

A wurare da dama za ka ga bango yana maimaita kansa: dutse mai tauri, laka mai taushi, dutse, laka, har ido ya gaji. A gaɓar Lyme Regis da ke kudancin Ingila, inda Mary Anning ta haƙo manyan ƙadangarun ruwa a farkon ƙarni na 19, haka bangon yake. Masana da yawa suna danganta irin wannan da sauye-sauyen da ke faruwa a yadda duniya ke kewaya rana, masu dawowa duk kimanin shekara 20,000 da 40,000 da 100,000 da 405,000, waɗanda ke sauya damina da yawan taɓon da koguna ke kaiwa teku. Na yarda da wannan a wurare da yawa, amma ba na son yadda wasu ke ƙirga kowane layi su ce zagaye ɗaya ne. Wani layin bayan an binne lakar ya samu, lokacin da sinadarin ya bar wata shimfiɗa ya taru a maƙwabciyarta.

Burbushin halitta a matsayin agogo

Dutsen farar ƙasa na Tirayasik da na Kiretashiyos suna iya kama da juna har ƙwararre ya kasa raba su da ido. Abin da ke raba su shi ne halittun da ke ciki. William Smith, wani mai auna hanyoyin ruwa a Ingila, shi ya gane cewa kowace shimfiɗa tana da nata halittun kuma jerinsu ba ya sauyawa daga gari zuwa gari, da haka ya zana taswirar duwatsun ƙasarsa a 1815. A shekarun 1850 Bajamushe Albert Oppel ya yanka Jurasik gunduwa-gunduwa bisa ga nau'in amonait.

Ka ɗauka ana haƙa tushen gini a Sabon Zongo. A can ƙasa aka tsinci kwabon Turawa mai huji, a samansa pesewa mai kan Nkrumah wadda ta fito a 1965 aka sauya ta a 1967, a can sama kuma kuɗin 2007. Mai kan Nkrumah ta fi sauran amfani wurin sanin lokaci, saboda zamaninta gajere ne kuma ta zaga ƙasar duka. Haka amonait take. Nau'o'inta suna saurin sauyawa, da yawansu ba su kai shekara miliyan ɗaya ba suka gushe, kuma da yake a cikin ruwa suke yawo, nau'i ɗaya kan bazu daga Faransa har Najeriya.

Abin da muke dubawa a jikinta shi ne layin da bangon ɗaki ya haɗu da ƙwanso. A tsofaffin dangin, na kafin Mesozoyik, layin lanƙwasa ce mai sauƙi. A na Tirayasik, irin Ceratites da ke cikin dutsen Muschelkalk na Jamus, gefe ɗaya santsi ne ɗaya gefen da 'yan haƙora. A na Jurasik da Kiretashiyos layin ya yi rassa-rassa har ya cika fuskar. Girmansu ma ya bambanta ƙwarai, daga mai faɗin farce har zuwa wadda aka haƙo a Jamus a 1895, mai faɗin kusan mita 1.8.

Ba amonait kaɗai ba ce. A Kiretashiyos wasu manyan ƙumba masu siffar ƙaho, rudis, su suka mamaye gina tudun ƙarƙashin ruwa a tekun Tetis, aikin da murjani ke yi a yau. Farin bangon alli na Dover a Ingila kuwa kusan dukkansa ƙwanson wasu tsirrai ne masu yawo a saman ruwa, waɗanda ido ba ya gani sai da na'ura mai ƙarfi, kuma 'yan santimita kaɗan suke tarawa a shekara dubu. Masu haƙar mai sun fi dogara da irin waɗannan ƙananan, musamman foraminifera, wasu 'yan mitsi-mitsin halittun teku masu ƙwanso, saboda bakin injin haƙa yana niƙe amonait amma su suna fitowa lafiya a cikin garin dutsen. A Solnhofen, kusa da inda nake zaton fallenka ya fito, lakar ta yi laushi kuma ruwan ƙasan ya yi gishiri da ƙarancin iska har babu mai cin mushe, shi ya sa a 1861 aka samu Archaeopteryx, wani tsohon tsuntsu mai kama da dainoso, da zanen gashin fukafukansa.

Halittun suna ba da jeri ne kawai, wane ya riga wane. Adadin shekaru daga wani wuri yake zuwa: tokar aman wuta da ta faɗa teku ta kwanta tsakanin shimfiɗu. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin zirkon masu ɗauke da yuraniyam, wanda ke rikiɗa zuwa darma a kan ƙa'idar da aka auna. In an san shekarun toka ta ƙasa da ta sama, an kama abin da ke tsakani. Gwajin kabon-14 da ake yawan ji a labarai ba ya aiki a nan, iyakarsa kimanin shekara 50,000.

Ƙarshen zamanin ma a dutsen farar ƙasa aka karanta shi. A Gubbio da ke Italiya akwai wata siririyar laka mai kaurin kamar santimita ɗaya a tsakanin shimfiɗu. A ƙasanta foraminifera manya ne iri-iri, a samanta 'yan ƙanana ne ƙalilan. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu suka bayyana cewa lakar na ɗauke da iridiyam fiye da kima, ƙarfen da ya fi yawa a duwatsun da ke faɗowa daga sararin sama. Suka ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama ya jawo halaka, daga baya kuma aka gano ramin faɗuwarsa a Chicxulub da ke Meziko. Amonait ba su tsallake wannan masifa sun ci gaba ba.

Game da maganar abokin aikinka, tafsirin Ɗufana na malaman addini ne, ba zan shiga gonarsu ba. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da dutsen ke nunawa. A tsakiyar jerin shimfiɗu muna samun ramukan da tsutsotsi da jatan lande suka haƙa suka zauna, muna samun fuskar da ta riga ta taurare a ƙarƙashin ruwa har ƙumba suka manne mata suka girma suka tsufa, sannan wata laka ta rufe su, aka sake haka a sama, aka kuma sakewa. Ambaliya guda ba ta barin irin wannan alama. Wannan zaman teku ne mai tsawo.

Tekun da ya ratsa Sahara

Ba sai an je Turai ba. Kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce ruwan teku ya kai ƙololuwar hawansa, sama da na yau da fiye da mita 100. A lokacin wani hannun teku ya taso daga Tetis ya ratsa Aljeriya da Nijar, ya haɗu da wanda ya shigo daga kudu ta kwarin Binuwai. Dutsen da kamfanin siminti na Ashaka ke haƙa a jihar Gombe lakar wannan teku ce. Duk wanda ya taka tulin duwatsun wannan yanki ya san amonait ɗinsa: dunƙulallu ne masu kumburi, jikinsu kusan santsi, in ba ka lura da cibiyar da layukan ɗakunan ba sai ka ɗauka dutsen rafi ne. Dangin Vascoceras ke nan, kuma ana samun 'yan'uwansu a Damargu ta Nijar da Tunisiya da Fotugal, wanda shi ne babban dalilin da ya sa aka yarda ruwan a haɗe yake. Dutsen Nkalagu da na Yandev kusa da Gboko da na Mfamosing kusa da Kalaba duk na Kiretashiyos ne.

Sakkwato ta fi ba ni sha'awa wurin koyarwa, domin iyakar zamanin tana cikin jerin duwatsunta. A shimfiɗun Dukamaje, na ƙarshen Kiretashiyos, aka haƙo wani babban ƙadangaren teku da masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi kuwa yana sama da su, bayan halakar ya taru. Cike yake da ƙumba da dodon koɗi da sauran halittun teku, amma ka kwana kana nema ba za ka ga amonait ba.

To, Ghana fa?

Muna da shi, amma kaɗan, kuma a gefe. Dalilin shi ne ƙasarmu tsohuwa ce ƙwarai. Duwatsun da Kumasi da Obuasi ke zaune a kai, masu zinariya, sun haura shekara biliyan 2. Dutsen farar ƙasa na Oterkpolu a yankin Krobo da na Buipe a arewa, waɗanda masu siminti ke amfani da su, na kwarin Volta ne, sun taru tun kafin halittu su fara yin ƙwanso, don haka kada ka je can neman dodon koɗi. A nan Accra, duwatsun yashi da na laka da ke fitowa a bakin teku tsakanin Osu da James Town na zamanin Debon ne, wanda ya gudana tsakanin shekara miliyan 419 da 359 da suka wuce. An samu burbushin halittun teku a cikinsu, har da tirailobait, wata halittar teku mai gaɓa-gaɓa da ta daɗe da gushewa, amma sun girmi Mesozoyik nesa ba kusa ba.

A farkon Mesozoyik babu teku a gabanmu sam. Inda ruwan Labadi yake a yau, arewacin Brazil ne a manne da mu. Sai wajen shekara miliyan 110 zuwa 100 da suka wuce nahiyoyin biyu suka gama rabuwa, kuma a gefenmu ba buɗewa suka yi kai tsaye ba, gogar juna suka yi suna zamewa, shi ya sa gaɓarmu take da gangare mai tsanani a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka duwatsun tekun Kiretashiyos namu suna kusurwa biyu ne kawai: kwarin Tano a ƙasar Nzema can yamma, da kwarin Keta a gabas, inda yawancinsu ke binne sai rijiyar bincike ke kaiwa gare su.

Wanda ya amsa tambayarka kai tsaye shi ne dutsen Nauli, a yankin Jomoro, hanyar Half Assini. Dutsen farar ƙasa ne na teku, na ƙarshen Kiretashiyos, cike da ƙumba da dodon koɗi, a shimfiɗu marasa kauri da ke tsakanin laka. An daɗe da sanin zai yi siminti, duk da haka masana'antun siminti na Tema da Takoradi sun dogara ne da kilinka ta waje, wato ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti. A wannan yanki ne kuma aka fara haƙar neman mai a 1896, saboda kwaltar da ke tsattsafowa daga ƙasa. Man rijiyoyin Jubilee da aka gano a 2007, aka fara fitarwa a ƙarshen 2010, a cikin dutsen yashi na Kiretashiyos yake kwance, kuma daga baƙar lakar tekun wannan zamani ya dahu. A Saudiyya kuwa dutsen farar ƙasa na Jurasik ne da kansa yake riƙe da man babban filin mai na Ghawar.

Kada ka sa ran Nauli za ta yi maka kama da hotunan bangayen Turai. Yankin daji ne mai ruwan sama da yawa, ƙasa da ciyayi sun rufe kusan komai, dutsen kuma ruwa yana cinsa. Abin da mai bincike ke samu shi ne gefen rafi, ko ramin gwaji, ko abin da injin haƙa ya fito da shi. Wannan ita ce babbar matsalar aikinmu a ƙasashe masu damina: jerin da Bature ke gani a bango ɗaya, mu sai mun harhaɗa shi daga ramuka masu nisa da juna, kuma kowane haɗi yana da ɗan shakku a cikinsa.

Game da fallenka, ga iyakar abin da za a iya yi daga nesa. Hoto mai kyau, da tef a gefensa don a ga girma, zai isa a tabbatar amonait ce. Sanin nau'inta kuwa da wuya, saboda injin ya yanke ta a tsakiya, alhali ƙusoshin baya da layukan da ake rarrabewa da su suna waje, an riga an goge su. Hanya mafi sauri ita ce ka tambayi wanda ya shigo da kayan sunan dutsen da ƙasar da ke rubuce a jikin akwatin. Ka kuma kula da masu kama da shi. In ka ga falle cike da 'yan ƙananan da'irori masu girman wake, mai yiwuwa na Masar ne, irin wanda aka gina dalar Giza da shi, kuma bayan Mesozoyik ya taru. Baƙin falle mai dogayen fararen tsinke na Maroko ne, ya girmi Mesozoyik, wasu ma da hannu ake ƙara musu zane. Ja mai ƙulli-ƙulli da amonait a ciki kuwa na Verona ne a Italiya, shi kam Jurasik ne.

In kana son wani ya riƙe guntun a hannunsa, kai shi sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ghana a Legon, trotro ɗaya ne daga inda kuke aiki, ko ofishin hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1913. Na Kumasi suna da jami'ar KNUST, na yamma suna da jami'ar ma'adinai ta Tarkwa. In kuma wata rana aiki ya kai ka Nzema ka tsinci dutse mai ƙumba a gefen rafi ko a ramin rijiya, nemi izinin masu wurin, ka ɗauki hotonsa a inda yake kafin ka taɓa shi, ka rubuta sunan ƙauyen da zurfin da ya fito da abin da ke samansa da ƙasansa, ka sa takardar a leda ɗaya da dutsen.